Mahaɗan Jamusanci: kalmomin da ke tayar da aikatau daga gurbinsa

Akwai kuskuren da kusan duk mai koyon Jamusanci yake yi a watanninsa na farko, kuma wata 'yar ƙaramar kalma ce take jawo shi: *weil*. Ɗalibi ya buɗe ƙamus ya ga ma'anarta "saboda", sai ya ɗauka magana ta ƙare. Yana so ya ce zai zauna a gida saboda ba shi da lafiya, sai ya rubuta *Ich bleibe zu Hause, weil ich bin krank.* Duk kalmomin nan an rubuta su daidai, kuma kowane Bajamushe zai gane abin da ake nufi, amma malami zai ja jan biro a ƙarƙashin jimlar. Abin da ake so shi ne *weil ich krank bin*. Aikatau, wato *bin*, ya tashi daga inda aka saba ganinsa ya koma can ƙarshe.

Wannan ne ya kamata a fara gaya wa mai koyo kafin a miƙa masa jerin mahaɗai ya haddace. Kowane mahaɗi a Jamusanci aiki biyu yake yi. Yana nuna alaƙar da ke tsakanin maganganu biyu, ko dalili ko sharaɗi ko saɓani ko lokaci, sannan shi ne yake yanke hukuncin inda aikatau zai zauna a sashen da ya biyo bayansa. Ƙamus yana ba ka na farko a fili. Na biyun yakan ɓuya a cikin 'yan gajerun alamomin da ba kowa ke kula da su ba, alhali shi ne yake kayar da mutane a jarrabawa.

Bahaushe bai kamata ya ga abin a matsayin baƙon al'amari ba, domin harshensa ma yana yin irin wannan, sai dai ta wata fuskar. Muna cewa "sun zo", amma da zarar an sa "lokacin da" a gaba sai ya koma "lokacin da suka zo". Muna cewa "suna aiki", amma "inda suke aiki". In kuma "kafin" ne, sai a ce "kafin su zo". Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, amma in wani ya ce "lokacin da sun zo", nan take kunne zai ƙi shi. To yadda kunnen Bahaushe yake jin "lokacin da sun zo", haka malamin Jamusanci yake jin *weil ich bin krank* a rubuce. A Hausa mahaɗi yana sauya wa wakilin suna siffa, a Jamusanci kuwa aikatau yake sauya wa mazauni.

Kafin a fahimci yadda ake tayar da aikatau, sai an san inda yake zaune tun asali. A jimlar bayani ta yau da kullum, aikatau yana gurbi na biyu. *Ich trinke heute Tee*, ina shan shayi yau. In aka ga dama aka fara da "yau", sai a ce *Heute trinke ich Tee*: *heute* ya ɗauki gurbi na farko, *trinke* bai motsa ba, *ich* ne aka tura baya. A lura, gurbi ake ƙirgawa, ba kalma ba. A *Mein älterer Bruder trinkt Tee*, kalmomi uku na farko duk mutum ɗaya suke nufi, wato yayana, saboda haka gurbi ɗaya suka cika. Duk rikicin mahaɗai a kan wannan gurbi na biyu yake.

Ga magana ɗaya an faɗe ta sau uku:

*Ich bleibe zu Hause, denn ich bin krank.*
*Ich bleibe zu Hause, weil ich krank bin.*
*Ich bin krank, deshalb bleibe ich zu Hause.*

Labarin bai sauya ba, mutum ba shi da lafiya kuma zai zauna a gida. Amma bayan *denn* aikatau ya zo a bayan *ich* kamar kullum, bayan *weil* ya koma ƙarshe, bayan *deshalb* kuma ya riga *ich* zuwa. Waɗannan kalmomi uku kowace tana wakiltar dangi guda, kuma duk mahaɗin da mutum zai haɗu da shi yana cikin ɗayansu.

Dangin *denn* su ne masu sauƙin kai. Biyar ne waɗanda aka fi amfani da su: *aber*, *denn*, *und*, *sondern*, *oder*, kuma malamai sukan tattara haruffansu na farko su ce ADUSO don sauƙin tunawa. Waɗannan tsayuwa suke yi a bakin ƙofa, ba sa shiga cikin jimlar balle su ƙwace wa wani gurbi. Shi ya sa littattafan koyo suke cewa suna gurbin sifiri. Bayansu sai a fara ƙirge daga ɗaya. *Und* ba ya ba Bahaushe wahala, hasali ma sauƙi yake kawo masa, tunda mu muna da "da" don haɗa sunaye, shayi da burodi, muna da "kuma" don haɗa maganganu, su kuwa *und* ɗin nan ya ɗauke duka biyun.

Inda gizo yake saƙa a wannan dangin shi ne tsakanin *aber* da *sondern*, musamman ga wanda yake koyon Jamusanci ta hanyar littafin Turanci, domin Turanci kalma ɗaya yake ba su duka. Hausa ta fi taimakawa a nan. *Sondern* ba ya zuwa sai an yi korewa a gabansa, kuma aikinsa gyara ne: a ture abu na farko a sa na biyu a madadinsa. *Er kommt nicht aus Berlin, sondern aus Hamburg*, ba daga Berlin yake ba, daga Hamburg yake. Ba zai yiwu duka biyun su zama gaskiya ba. *Aber* kuwa yana barin magana ta farko a tsaye, ya ƙara mata wani abin da ba a zata ba. *Er ist nicht reich, aber er ist zufrieden*, ba shi da dukiya amma yana da wadatar zuci. A nan ma akwai korewa, amma ba a gyara komai ba, rashin dukiyar yana nan. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a mayar da jimlar Hausa a zuci. In ta fito da siffar "ba kaza ba ne, kaza ne", *sondern* ne. In "amma" ya zauna mata daram, *aber* ne.

Dangin *weil* su ne masu yawa, kuma su ne masu aiki. A cikinsu akwai *dass*, *wenn*, *als*, *ob*, *obwohl*, *da*, *damit*, *bevor*, *nachdem*, *während*, *bis*, *seitdem*, *falls*, *sobald*. Dukansu suna buɗe sashen da ba ya iya tsayawa da ƙafafunsa, wanda masana nahawun Hausa suke kira ganga dogarau, kuma dukansu suna kora aikatau zuwa ƙarshe. Sai dai kalmar "aikatau" a nan tana bukatar a yi mata ƙarin bayani, domin sau da yawa aikatau a Jamusanci ba guda ɗaya ba ne. Wanda ake korawa shi ne wanda yake sauya siffa gwargwadon mai yin aikin. A *Ich habe gegessen*, na ci abinci, *habe* ne mai sauyawa, saboda haka sai a samu *weil ich gegessen habe*. A *Ich muss arbeiten*, dole in yi aiki, sai ya koma *weil ich arbeiten muss*. Wanda yake gaba a da, shi ne ya zama na ƙarshen layi.

Akwai wani abin sha'awa da yake faruwa ga aikatau masu rabuwa biyu. *Aufstehen*, tashi daga barci, a jimla ta yau da kullum tsagewa yake yi: *Ich stehe um sechs Uhr auf.* Rabinsa yana gurbi na biyu, ɗaya rabin yana ƙarshe. Da zarar *weil* ya shigo ya kori *stehe* zuwa ƙarshe, sai ya je ya tarar da ɗan'uwansa a can su sake haɗewa: *weil ich um sechs Uhr aufstehe*. Kalma ɗaya, ba tazara a tsakani. Ɗalibai da yawa sun iya dokar korar aikatau amma su manta da wannan haɗewar.

Sannan in sashen mai dogaro ne ya fara zuwa, gaba ɗayansa ana lissafa shi a matsayin gurbi na farko. Ke nan abin da zai biyo bayan waƙafi dole aikatau ne. *Weil ich krank bin, bleibe ich zu Hause.* Dubi tsakiyar jimlar: *bin*, waƙafi, *bleibe*. Aikatau biyu sun yi gaba da gaba, waƙafi ne kaɗai a tsakaninsu. In ka fara jimla da *wenn* ko *obwohl* ko *als* ka duba tsakiya ba ka ga wannan karon ba, to galibi akwai gyara. Wani tarkon kuma shi ne *und* da ya faɗo a cikin sashe mai dogaro. Tunda shi ba ya sauya komai, dokar *weil* tana ci gaba da aiki a bayansa: *weil ich müde bin und keine Zeit habe*. Aikatau biyun duka a ƙarshen nasu ɓangaren suke.

Dokar tana da togaciya guda da ake gamuwa da ita a matakan gaba, a wasu wuraren da aikatau uku suka taru, kamar *weil ich habe arbeiten müssen*. A nan *habe* yana shiga gaban sauran biyun. Jamusawa kansu sukan kauce mata a hira su ce *weil ich arbeiten musste*, kuma mai koyo ba zai yi asara ba in ya bi sahunsu.

Wahalar da ta fi damun mai jin Hausa a wannan dangin ta fi ƙarfi a wuraren da kalmarmu ɗaya ta rabu gida biyu ko uku. Ɗauki "don". Muna cewa "na zo don ba ni da lafiya", muna kuma cewa "na zo don in ga likita". Na farko dalili ne, na biyu manufa ce, amma "don" ya ɗauke su duka. Jamusanci ba ya yarda da haka. Dalili na *weil* ne. Manufa kuwa ta *damit* ce, ko *um ... zu*. In mai aikin mutum ɗaya ne a ɓangarorin biyu, an fi son *um ... zu*: *Ich lerne Deutsch, um in Köln zu arbeiten*, ina koyon Jamusanci don in yi aiki a Kolon. In mutanen daban ne, babu makawa sai *damit*: *Ich arbeite, damit meine Kinder studieren können*, ina aiki don 'ya'yana su samu yin karatu.

Haka "ko" yake. "Shayi ko kofi" da "ban sani ba ko zai zo" duk "ko" ne a wurinmu. A can na farko *oder* ne, ɗan dangin ADUSO da ba ya taɓa aikatau, na biyun kuma *ob* ne, wanda yake kora shi: *Ich weiß nicht, ob er kommt.* Wanda ya sa *oder* a nan ya yi kuskure, wanda ya sa *wenn* ma ya yi, kuma duka biyun ana yawan ji.

*Wenn* da *als* da *wann* kuwa sun ishi mutum ciwon kai na mako guda. *Wann* tambaya ce, "yaushe", ko an yi ta kai tsaye ko an saka ta a cikin wata jimla. *Als* na abin da ya faru sau ɗaya ne a baya, ko da ya ɗauki shekaru: *Als ich ein Kind war*, lokacin da nake yaro. Yarinta sau ɗaya ake yin ta. *Wenn* ya kwashe sauran: abin da yake maimaituwa, abin da ke tafe, da kuma sharaɗi. *Wenn es regnet, bleibe ich zu Hause* yana iya nufin "idan aka yi ruwa" ko "duk lokacin da ake ruwa". Kusan yadda "in" da "idan" suke a Hausa ke nan, tunda mu ma in muka ce "in ya zo ka gaya masa", ba lallai muna shakkar zuwansa ba. Wanda yake so ya nuna cewa sharaɗi ne zalla, abin yana iya faruwa yana iya ƙin faruwa, sai ya ɗauko *falls*.

Akwai kuma *da*, wanda yake ba mai jin Hausa dariya ranar da ya fara ganinsa, don ya yi kama da namu sak a rubutu. A matsayinsa na mahaɗi, ma'anarsa ta fi kusa da "tunda": dalilin da kowa ya riga ya sani, kuma galibi a farkon jimla. *Da heute Sonntag ist, sind die Geschäfte geschlossen*, tunda yau Lahadi ce, kantuna a rufe suke. Shi kansa *weil* asalinsa kalmar lokaci ce, daga *Weile*, wato ɗan lokaci, kafin ya koma nuna dalili. Irin tafiyar da "tun da" ya yi a Hausa ke nan, daga "tun da ya zo bai huta ba" zuwa "tunda ya zo, sai a fara".

*Dass* shi ne "cewa". Rikicinsa na rubutu ne, don a baki ba ya bambanta da *das* mai s ɗaya. Kafin gyaran ƙa'idojin rubutu na 1996 ana rubuta shi *daß*, shi ya sa wanda ya samu tsohon littafi zai gan shi haka. Hanyar da ake koya wa yaran Jamus ita ce in za a iya sa *dieses* ko *welches* a gurbinsa, to *das* ne, in ba za a iya ba, *dass* ne.

Dangi na uku su ne *deshalb*, *deswegen*, *darum*, *trotzdem*, *dann*, *außerdem*, *sonst*, *also* da makamantansu. In za a bi nahawu ƙeƙe-da-ƙeƙe, waɗannan bayanau ne da suke yin aikin haɗi. Bambancinsu da ADUSO shi ne su suna shiga cikin jimlar su zauna a gurbi na farko, kamar yadda *heute* ya yi ɗazu, don haka aikatau ne yake bin su nan da nan. Shaidar cewa 'yan gida ne ita ce ana iya matsar da su ciki: *Ich bleibe deshalb zu Hause.* Gwada yin haka da *weil* ka ga jimlar ta rushe. Biyu daga cikinsu suna da abokan ruɗani. *Dann*, wato "sannan", harafi ɗaya ya raba shi da *denn*, amma ba danginsu ɗaya ba. *Also* kuma ma'anarsa "ke nan" ko "saboda haka", ba "kuma" ba kamar yadda mai Turanci zai zata.

Wurin da na fi ganin ana tuntuɓe shi ne *obwohl* da *trotzdem*, domin kuskuren a nan har ma'ana yake juyawa. *Obwohl* shi ne "ko da yake", yana riƙe da cikas ɗin. *Trotzdem* shi ne "duk da haka", yana riƙe da abin da aka yi bayan an tsallake cikas ɗin. *Obwohl es regnet, gehe ich zur Arbeit.* *Es regnet, trotzdem gehe ich zur Arbeit.* Duka biyun suna cewa ana ruwa amma zan tafi aiki. Wanda ya musanya su ba tare da ya juya ɓangarorin ba, zai wayi gari yana cewa ko da yake zai tafi aiki, ana ruwa.

Yanzu ga abin da yake rikita duk wanda ya sauka a Jamus bayan ya sha wahalar haddace waɗannan dokoki. Zai shiga jirgin ƙasa ya ji Bajamushe haifaffe yana cewa *Ich komme nicht, weil ich hab keine Zeit*, aikatau a gurbi na biyu, daidai kuskuren da aka ja masa jan biro a kai. Ba kunnensa ne ya yi masa ƙarya ba. A maganar baka wannan ya yaɗu ƙwarai, galibi da ɗan tsayawa bayan *weil*. Wani ɓangare na dalilin shi ne *denn* ya fi zama a rubutu, a hira kuwa *weil* ya karɓe masa aiki har da tsarinsa. Masu nazarin harshe sun kuma lura cewa sau da yawa wannan siffar hujjar mai magana take kawowa, wato abin da ya sa ya faɗi haka, kamar a *Es hat geregnet, weil die Straße ist nass*. Jiƙewar titi ba ita ta kawo ruwan ba, ita ce dai ta sa mai maganar ya san an yi ruwa. A ganina bai dace malami ya ɓoye wa ɗalibi wannan ba, don ranar da ya ji da kunnensa zai fara shakkar sauran abin da aka koya masa. A gaya masa akwai ta, a kuma gaya masa cewa a wasiƙa da takardar jarrabawa kuskure ake lissafa ta.

Waƙafi ma doka ce a Jamusanci, ba wurin shan numfashi ba. Dole a raba sashe mai dogaro da babban sashe da waƙafi, ko yana gaba ko yana baya. Ana sa shi kafin *aber* da *sondern* da *denn*. Kafin *und* da *oder* masu haɗa manyan sassa biyu kuwa, tun bayan gyaran 1996 an bar wa marubuci zaɓi.

Duk wannan yana da nauyi ga mai neman takardar shaida. Littattafan koyo sukan kawo *weil*, *dass* da *wenn* a matakin A2 na ma'aunin ƙwarewa a harshe, sannan su ƙaro irin su *obwohl*, *damit* da *nachdem* a hanyar B1, wanda shi ne matakin da ake nema ga mai son zama ɗan ƙasar Jamus. A jarrabawar B1 ta cibiyar Goethe mai koyar da Jamusanci, wadda take da rassa a birane irin su Legas da Yawunde, ɗaya daga cikin ma'aunan da ake duba rubutu da su shi ne *Kohärenz*, wato yadda jimloli suka ɗinku da juna. Wanda ya ji tsoron kuskure ya jera gajerun jimloli, kowace ita kaɗai, ya tsira daga jan biro a wani wuri amma ya zubar da maki a nan. A wannan matakin ne kuma tagwayen mahaɗai suke shigowa: *entweder ... oder*, ko wannan ko wancan, *weder... noch*, ba wannan ba kuma ba wancan ba, wanda ba ya bukatar a ƙara masa *nicht*, da *je... desto*, mai haɗa dokoki biyu a jimla ɗaya. A *Je mehr du übst, desto besser sprichst du*, gwargwadon yawan gwajinka gwargwadon kyan maganarka, *übst* ya tafi ƙarshe, *sprichst* kuwa ya riga *du*.

Ga irin jimlar da mutum zai iya rubutawa a saƙon neman bayani daga wani ofis:

*Obwohl ich gestern angerufen habe, weiß ich noch nicht, ob der Termin stattfindet, denn niemand hat zurückgerufen.*

Ko da yake na buga waya jiya, har yanzu ban sani ba ko ganawar tana nan, domin babu wanda ya sake kirana. *Obwohl* ya kori *habe* zuwa ƙarshen sashensa. Sashen gaba ɗaya ya cika gurbi na farko, shi ya sa *weiß* ya biyo bayan waƙafi ya bar *ich* a baya. *Ob* ya kori aikatau, sai *findet* ya tarar da *statt* suka haɗe suka zama *stattfindet*. *Denn* kuwa yana bakin ƙofa bai taɓa kowa ba, *niemand* ya ɗauki gurbi na farko, *hat* ya zauna a na biyu.